Shekarar da Aka Sayar da Sunan Zauren Ƙwallo

Aikin farko da na yi a Amurka shi ne nuna wa mutane kujerunsu. Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin kimiyyar abinci, a wata jami'a da ke gabashin Greensboro, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai. Bizar ɗalibai ba ta yarda mutum ya yi aiki a wajen makaranta ba, don haka kowa a ciki yake neman abin yi, wasu laburare, wasu ɗakin cin abinci. Ni a makare na je ofishin da ke rabon aikin, abin da ya rage shi ne zauren ƙwallon kwando. Aka ba ni wata riga ruwan ɗorawa mai faɗin kafaɗa, na ɗora ta a kan doguwar rigata, na gyara hijabi, matar da ke rabon kayan ta dube ni ta ce na yi daidai.

Ban taɓa kallon ƙwallon kwando ba kafin nan. A Funtuwa inda na tashi ƙwallon ƙafa yayyena ke bi, ita ma yawanci a rediyo. Ranar da na fara aiki, da 'yan badujala suka buga gangunansu a cikin rufaffen gini sai da na ji ƙarar a haƙorana.

Zauren tsohon gini ne na jan bulo. Matakalarsa ta siminti ce, siririya, kuma babu abin dafawa. Da sanyi in an kunna na'urar ɗumama wuri ba ta san iyaka ba, sai ka ga mutane suna fifita da takardar jerin 'yan wasa alhali a waje ruwa na daskarewa. Allon da ke nuna maki wasu ƙwayayensa sun mutu, takwas kan fito kamar tara, kowa ya saba yana gyarawa a ransa. A saman babbar ƙofa akwai sunan wani mutum da manyan haruffan ƙarfe. Wani tsohon koci ne kuma malamin motsa jiki, ya rasu tun da daɗewa. Ba wanda ke faɗin sunan a cike, an gajarta shi, kamar yadda ake gajarta sunan ɗan gida.

Shugabarmu doguwar mace ce mai yawo da oba-oba a ƙugu. Dokokinta ba su da yawa: ki yi murmushi, ki duba tikiti, ki juya wa fili baya ki fuskanci jama'a, kuma kada ki yi gardama da kowa a kan komai. Ta ba ni ɓangaren da ke bayan bencin 'yan wasanmu, inda masu tikitin shekara suke zama. Can ne na san mutanen da zan ba da labarinsu.

A layi na huɗu, bakin hanya, akwai wani dattijo da matarsa. Shi ya yi ritaya daga gidan waya, gajere ne, kullum da hula mai launin makaranta da ƙaramin fensir a bayan kunne, yana rubuta makin kowane ɗan wasa a littafinsa. A mako na biyu ya tambaye ni daga ina nake, kuma yaya ake kiran tsoho kamarsa a harshenmu. Na ce Baba. Ya maimaita sau biyu, ya ce ya karɓa. Matarsa ta ce ita fa? Na ce Mama, ta yi dariya ta ce wannan ai tun kafin a haife ni ake kiranta da shi. Daga ranar shi ma ya koma ce mini 'yata. Mama tana dogara sanda, gwiwoyinta sun gaji. Duk ranar wasa nakan jira su a bakin ƙofar ɓangaren, in miƙa mata hannu mu sauka a hankali, Baba na gaba yana riƙe da matashin da take zama a kai.

A ɗaya gefen hanyar, daura da su, akwai wani mutum da bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba. Shi ma tsohon ɗalibin makarantar ne, yana da kamfanin gyaran na'urorin sanyaya gida, kuma yana zaune a Summerfield, can arewa da gari inda gidaje ke da filaye har wasu na kiwon dawaki. Yakan zo da 'ya'yansa mata biyu. Muryarsa ta fi ta kowa, alƙalan wasa duk sun san shi. Shi da Baba suna gaisawa da hannu kafin wasa, su yi musu a kan koci lokacin hutun rabin lokaci, su rabu lafiya.

Sai kuma Alhaji, wanda shi kaɗai ne nake Hausa da shi a ginin. Mutumin Damagaram ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya zo Greensboro tun ana samun aiki a masaƙu, da masaƙar tasu ta rufe ya koma cikin ma'aikatan shara da goge-goge na jami'a. Wasannin Asabar da rana ake yi, la'asar kan same mu a ciki. Alhaji ne ya nuna mini wani ɗakin ajiye kujeru a ƙarƙashin matakala, ya ajiye mini kwali mai tsafta a bayan ƙofa. In na shiga yakan tsaya a bakin ƙofar da tsintsiyarsa har in idar, sannan in tsaya masa.

Cikin watan Disamba na wannan shekarar labari ya fito a jaridar gari cewa wani kamfanin wayar salula yana son a sa sunansa a zauren, shi kuma ya riƙa ba jami'a kuɗi na wasu shekaru. Da farko na ɗauka ginin za su saya. Na tambayi shugabarmu ko aikinmu zai koma hannun kamfanin, ta ce a'a, ba abin da zai canja, suna kawai suke so. Ta ƙara da cewa duk wanda ya tambaye mu ra'ayi mu ce ba mu da shi, muddin rigar nan na jikinmu.

Na kai wa Alhaji maganar a ɗakin kujeru. Ya jingina tsintsiya, ya sa na sake yi masa bayani.

"Suna kaɗai? Gini na nan, kujeru na nan, makulli na hannun lakkwal?"

Na ce haka aka ce, komai na hannun makaranta.

"Bon. In ni ne sai in sayar, ɗiyata. Rufin nan yoyo yake, ni ke kai bokiti." Sannan ya ce amma tunda sunan mamaci ne, kamata ya yi a fara zuwa wurin iyalinsa. In sun yarda shi ke nan, in ba su yarda ba a bar musu abinsu.

Daga wannan makon ɓangarena ya daina zancen koci da alƙalai. Ni da aka ce in juya wa fili baya, ba abin da nake yi sai sauraro. Mutumin Summerfield yana goyon bayan sayarwa ba tare da wata kunya ba. Hujjarsa ita ce yaran da suka iya wasa sukan zo duba makaranta, a kai su ɗakin canja kaya su ga famfo na ɗiga, su koma gida su zaɓi wata jami'ar. Ya ce shi ma yana girmama tsohon kocin, amma girmamawa ba ta gyara rufi. Wani mutum a layi na shida ya ce shi bai ƙi a sayar ba, amma a sayar wa kamfanin baƙar fata ɗan gari, ko da abin da zai bayar bai kai ba. Wata mata mai zuwa da saƙa ta ce wayar kamfanin nan take riƙewa, kuma ko layi ɗaya ba ta samu a cikin zauren, su fara gyara wannan tukuna. Ɗalibai sun rabu. Wasu sun buga riguna da hoton tsohon kocin, wasu kuma in ka tambaye su wane ne shi ba su sani ba, su dai a sa na'urar sanyaya wuri da sabon allo. 'Yan badujala an yi musu raɗe-raɗin sabbin kayan busa, don haka bakinsu ɗaya, a sayar. Abokan karatuna suka ce a dandalin hira na intanet har zage-zage ake yi, kuma wani gidan rediyo ya kwashe mako guda yana karɓar kiran waya a kan maganar.

Baba kuwa ba ya ɗaga murya. In mutumin Summerfield ya gama jawabinsa, sai ya ce abu ɗaya ko biyu ya koma kan littafinsa. Na ji ya ce lokacin da aka sa sunan nan, babu wani gini a cikin gari mai ɗauke da sunan baƙar fata irinsu in ba coci ko gidan jana'iza ba. Wata rana kuma ya ce kamfani yau yana nan gobe wani ya haɗiye shi, to sai a riƙa sauya wa ginin suna kamar allon talla?

A farkon Janairu ya zo da takardar koke maƙale a jikin katako. Kafin a fara wasa ya bi layi-layi yana neman sa hannu, ya hau matakalar nan ya sauka har numfashinsa ya canja. Da ya gama ɓangaren sai ya tsaya a gabana, ya zaro fensirin kunnensa, sannan ya tuna biro ake so, ya laluba aljihu ya miƙo mini.

"Ke ma ɗaliba ce a nan, 'yata. Kina da haƙƙi."

Na ce an hana mu muddin muna cikin rigar aiki. Ya ce to in na cire rigar bayan wasa, zai jira ni a ƙofa. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ban san iyakar abin da baƙuwa mai bizar karatu za ta iya sa wa hannu ba, kuma mahaifina ya ja mini kunne kafin na taso cewa karatu ya kai ni, kada in shiga rigimar mutanen gari. Ban da haka, ni kaina ban san ɓangaren da nake ba. Na ce masa ya yi haƙuri, ba zan iya ba.

Ya dube ni kaɗan, ya mayar da biron aljihu, ya ce ba komai. Bai yi fushi a fili ba. Amma daga ranar gaisuwarsa ta gajarce, ya daina ce mini 'yata, ya koma kirana da kalmar da suke kiran kowace ma'aikaciya da ba su sani ba. Abin ya dame ni fiye da yadda na zata. Na gaya wa Alhaji, ya ce in ci gaba da gaishe shi kamar kullum in kuma riƙe hannun tsohuwar, sauran in bar wa lokaci.

Bayan mako biyu, a hutun rabin lokaci, Mama ta ce in raka ta banɗaki. Na mata guda ɗaya ne a ɓangarenmu, layi kan kai har bakin masu sayar da gugguru. Muna tsaye tana jingine da bango, sai ta fara ba ni labarin da ban tambaya ba. Ta ce Baba ɗan gonar taba ne daga wani ƙauye a gabas. Ya zo makarantar nan da akwati ɗaya, kafin ƙarshen zangon farko abin hannunsa ya ƙare, ya haɗa kaya zai koma gida. Kocin nan ya gan shi zaune a tashar mota, ya dawo da shi, ya ba shi aikin goge katakon fili da wurin kwana a ɗakin ajiye ƙwallaye. Bai taɓa buga wa makaranta wasa ba, tsayinsa bai kai ba. Amma ya gama karatu, kuma ranar aurensu kocin ne ya tuƙa su a motarsa daga coci.

Na ce yanzu na gane. Ta ce ban gama ganewa ba tukuna. Ta waiwaya ta ga ba wanda ya san mu a kusa, ta rage murya.

"Ni na rubuta wa jami'a wasiƙa. Na ce su sayar."

Ta ce shekara biyu da suka wuce ta faɗi a matakalar nan, ta yi wata guda ba ta taka ƙasa ba. Ƙawayenta da suka fara zuwa kallo tare tun suna 'yan mata, huɗu daga ciki sun daina zuwa, ba don sun daina son wasa ba, sai don ba za su iya sauka ba kuma ba za su iya wannan layin ba. An sha kai kuka ana cewa babu kuɗi. In sunan ne zai kawo ƙarfen dafawa da banɗaki, ita ta yarda. Ta ce ta san kocin, ta ci abinci a gidansa, kuma ba ta jin zai so a ce tsofaffi na zama a gida saboda sunansa ya zauna a bango. Sannan ta ce kada in gaya wa mijinta, za ta gaya masa da kanta in ta samu rana.

Haka na riƙa sauko da ita kowace Asabar da wannan magana a cikina, Baba na gaba da matashi a hannu ɗaya, takardar kokensa a ɗaya hannun.

A cikin Fabrairu jami'a ta kira taron jin ra'ayin jama'a, wata Asabar da hantsi, a cikin zauren kansa. Aka jera tebur a tsakiyar fili, manyan makaranta suka zauna da wakilin kamfanin, wani matashi mai fara'a da bai ce komai ba sai godiya. Mu masu rigar ɗorawa aka ba mu makirfo, duk wanda ya ɗaga hannu mu kai masa. Mutane suka zauna a kujerunsu na kullum ba tare da an ce su yi haka ba, don haka ɓangarena ne ya faɗo mini.

Na kai wa mutumin Summerfield, ya yi magana har sai da aka nuna masa agogo. Na kai wa mai saƙa, ta maimaita zancen wayarta, aka yi dariya har da wakilin kamfanin. Wata tsohuwa da ta zo daga wata jiha ta miƙe a ɗaya ɓangaren ta ce ita 'yar kocin ce. Ta ce iyalinsu ba su zo su hana ba kuma ba su zo su ba da izini ba, abin da suke roƙo shi ne kada sunan ya ɓace daga wurin gaba ɗaya. Daga nan Baba ya ɗaga hannu. Ya karɓi makirfo daga hannuna bai dube ni ba. Ya ba da labarin tashar mota a taƙaice, ya ce katakon da manyan makarantar suke zaune a kai ya goge shi a kan gwiwoyinsa shekara huɗu. Ya ɗaga takardun koken ya ce ga sunayen mutanen da ke roƙon a bar abin yadda yake. Aka tafa masa sosai, har mutumin Summerfield ya tafa.

Ina karɓar makirfon zan juya, sai na ga hannun Mama a sama.

Na tsaya. Na san abin da za ta faɗa, kuma a duk ginin ni kaɗai na sani. Na yi tunanin in yi kamar ban gani ba in wuce layi na shida, inda wani ma ya ɗaga hannu. Ta kira ni da hannun, irin kiran da uwa ke yi wa 'yarta ta kawo mata abu. Na miƙa mata.

Ba ta tashi ba, a zaune ta yi magana. Ta ce duk abin da mijinta ya faɗa gaskiya ne, tana wurin aka yi. Ta ce amma ita tana son ta riƙa saukowa kujerarta ba tare da ta rataya a hannun yarinyar nan ba, ta nuna ni. Ta ce a sa ƙarfen dafawa, a ƙara banɗakin mata, in sai an sayar da suna za a yi haka to a sayar. Ta miƙo mini makirfon.

Ba a tafa ba nan da nan, don mutane ba su san ko ya dace ba. Baba yana kallon takalmansa. Da aka tashi na matso zan kama hannunta kamar kullum, sai ya miƙa mini matashin da katakon koken, ya kama hannun matarsa da kansa. Suka hau a hankali, ina biye da su. Muka isa wurin mota. Ya buɗe mata ƙofa, ya karɓi kayansa a hannuna, ya ce ya gode.

Sun zo sauran wasannin shekarar tare. Ban san abin da suka faɗa wa juna a gida ba, Mama ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan an rufe kakar wasa aka sanar da hukunci. Ginin zai ɗauki sunan kamfanin, katakon fili kuma za a rubuta masa sunan kocin. Kowane ɓangare ya ce an cuce shi kaɗan. Lokacin dogon hutu ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ban ga ranar da aka sauke haruffan ba. Alhaji ne ya ba ni labari a wurin wani suna da aka yi a gidan wasu 'yan Maraɗi. Ya ce da mota mai ƙugiya aka zo, cikin awa biyu an gama, kuma haruffan suna nan jingine a ɗakinmu na kujeru don ba wanda ya san inda za a kai su. Da aka dawo na gan su, kowanne ya kusa kai mini ƙugu, duk kashin tattabaru. Alhaji ya wanke su ya jera su a bango bi da bi, ko da yake ba wanda ya sa shi.

Sabuwar kaka ta zo da canje-canje. An sa ƙarfen dafawa a kowace matakala, an mayar da wani ofis banɗakin mata, an ɗaura sabon allo mai nuna hoton 'yan wasa. Rufin dai bai daina yoyo ba sai a shekara ta gaba. Layuka uku na farko a ɓangarena aka keɓe su ga baƙin kamfanin, aka sa musu kujeru masu laushi, kuma yawancin ranaku rabinsu babu kowa. Wannan ya sa aka matsar da masu tikitin shekara sama. Mutumin Summerfield ya tashi daga layi na huɗu ya koma na tara, inda alƙalai ba sa jin muryarsa sosai. Ya yi ta faɗa da shugabarmu a wasan farko, ya ce ba haka aka yi da su ba. Bayan nan ya haƙura, amma ban ƙara jin ya yabi cinikin ba, ban kuma ji ya ce ya yi kuskure ba.

Mama ta zo wasan farko da wata ƙawarta ta coci, ɗaya daga cikin waɗanda suka daina zuwa. Na miƙa hannu, ta ce in bari ta gwada. Ta rataya sandar a gwiwar hannu, ta kama ƙarfen, ta sauka da kanta. Na tambaye ta Baba fa, ta ce yana mota. Shi ya kawo su, shi zai mayar da su, amma ya ce ba zai shiga ta ƙarƙashin wancan sunan ba. Tikitinsa ne ƙawar ke riƙe da shi.

Sai a wasa na uku na samu ƙarfin halin fita wurinsa. Na roƙi wata abokiyar aiki ta tsaya mini a hutun rabin lokaci. Na same shi a ƙarshen filin ajiye motoci, ya juya motar ta ba ginin baya, rediyo na kunne, littafinsa a kan sitiyari. Ya sauke gilashi. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ni ko da gaske ne ɗan wasanmu mai lamba goma sha biyu ya yi laifin da aka busa masa, don mai sharhi bai fayyace ba. Na ce ban gani ba, bayana ke fuskantar fili. Ya yi 'yar dariya.

Na ce masa tun bara nake son in ba shi haƙuri a kan takardar nan. Ya ce in manta, da na sa hannu ma ba abin da zai canja, kuma shi da ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati ya san abin da ake nufi da rigar aiki. Ya ce abin da ya fi damunsa yanzu mai sharhin rediyo, an wajabta masa faɗin sunan kamfanin duk bayan 'yan mintoci, shi kuma ya gane lokacin, yana rage muryar rediyon kafin ya faɗa. Na ce an rubuta sunan kocin a katako da kyau, da manyan haruffa, ya kamata ya gani ko sau ɗaya. Ya ce ya ga hoton a jarida.

"Mutumin da ya hana mu taka filin nan da takalmin waje, yau sunansa ake takawa," in ji shi. Sannan ya ce in koma ciki, akwai sanyi, kuma za a neme ni.

Haka aka yi duk kakar. Wani lokaci nakan kai masa shayi a kofin takarda, wani lokaci aiki ya hana. Ranar da muka ci babbar abokiyar hamayyarmu da maki ɗaya, Mama ta ce ta fito ta same shi tsaye a wajen mota yana gaya wa mai gadi yadda aka yi, kamar a gabansa aka jefa ƙwallon.

A watan Mayu na gama karatu, na samu aiki a wani kamfanin sarrafa madara a wata jiha. Mako guda kafin in tafi suka gayyace ni cin abincin rana a gidansu ranar Lahadi, bayan sun taso daga coci. Ƙaramin gida ne mai baranda, ba nisa da makaranta. Mama ta tambaye ni tun a waya abin da ba na ci, ta dafa ganye da naman talotalo maimakon naman aladen da ta saba sawa, ta soya kaza, ta gasa wainar masara. Baba ya zagaya da ni bayan gida ya nuna mini tumatir da kuɓewar da ya shuka. Da na ce mu ma muna miya da kuɓewa har mu busar da ita mu daka, sai ya tsaya yana tambayata yadda ake shanyawa ba ta yi baƙi ba. Ya tambaye ni audugar Funtuwa, da hannu ake tsinka ko da inji, da kuma watan da ake shuka. Muka daɗe a kan wannan. Zancen zaure bai taso ba ko sau ɗaya.

Da la'asar ta yi Mama ta shimfiɗa mini tawul mai tsafta a ɗakin baƙi. Bayan na idar ta ƙulle mini sauran kazar a takarda, Baba ya kai ni tashar bas ta cikin gari, don a lokacin na koma zama da wata 'yar Kano a yammacin gari. Bas ɗin Lahadi ba ya zuwa da wuri. Ya kashe mota muka jira tare wajen minti ashirin, yana nuna mini gine-ginen da ke kan hanyar da ya yi shekaru yana raba wasiƙu, wanne ne da otal, wanne ne da kantin takalma. Da bas ya iso na sauka, ya ce in rubuto musu adireshina in na zauna.

Na rubuta. Mun yi shekara uku ko huɗu muna musayar kati a ƙarshen shekara, rubutun Mama ne kullum, shi kuma ya sa hannu a ƙasa. Daga baya na yi aure na sauya gari sau biyu, katin ya tsaya, kuma laifin nawa ne.